Sharhi: Bindigar Ƙirar Gida da Abin da Araharta Ke Ɓoyewa

A duk lokacin da damina ta ja baya, amfanin gona ya fara nuna, akan ga manoma da mafarauta a yankunan karkara sun sauko da bindigoginsu daga rataya domin gadin gona daga birai da gyado da kuma ɓarayin dare. Wannan tsohuwar al'ada ce. Sai dai tun daga lokacin da matsalar satar shanu da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, buƙatar bindiga ta wuce ta gadin gona. Magidanci kan sayar da akuya ko buhun masara ya nufi maƙera, domin ita ce bindigar da ƙarfinsa zai iya kaiwa gare ta. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: mene ne ainihin abin da wannan bawan Allah ya saya da guminsa?

Babu shakka maƙeran ƙasar nan suna da tarihi da gwaninta. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, maƙeran Zinder sun ƙera igwa, an kuma haɗa albarushi a cikin garin. A kudancin Nijeriya ma, maƙeran Awka ta Jihar Anambra sun daɗe da yin suna a wannan sana'a. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a shekarar 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan nahiyar Afirka, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ɗuri da albarushinta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa irin wannan bindiga ta zauna daram a hannun talaka, har maƙera suka gwanance wajen gyaranta da kwaikwayonta. Wani bincike da cibiyar Small Arms Survey ta ƙasar Suwizalan ta wallafa a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 17 cikin 100 na farar hular da ke riƙe da bindiga a karkarar Nijeriya ta ƙirar gida suke riƙe da ita.

Ya kamata a bambance tsakanin iri biyu da ake samu a kasuwa. Akwai ta gargajiya, wadda ake kira adaka ko bindigar baushe, da ake ɗura mata albarushi da harsashi ta baki, a danna da sanda. Akwai kuma wadda ta yawaita daga baya, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karya ta a tsakiya a sa mata kwanson harsashi na kamfani. Mai saye yakan fi sha'awar ta biyun saboda ta yi kama da ta Turawa, kuma tana da saurin ɗuri. Amma a wajen haɗari ita ce kan gaba, kuma dalilin yana cikin bututunta.

A lokacin da aka harba kwanso mai lamba 12, wanda shi ne aka fi amfani da shi, ƙarfin da ke bugun cikin bututu ya ninka na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota fiye da sau 200, kuma duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, a daidai wurin da mai harbi ya kafa kuncinsa da hannunsa. Saboda haka ne ƙasashen da suka daɗe a wannan sana'a suka kafa gidajen gwaji. A Ingila, alal misali, gidan gwajin bindigogi na Birmingham yana aiki tun shekarar 1813. Akan harba kowace sabuwar bindiga da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a sake duba bututun, sannan a buga masa hatimi. Sayar da wadda ba ta da wannan hatimi laifi ne a dokar ƙasar. Bindigar da ke fitowa daga maƙerar ƙauye ba ta bi ta irin wannan gwaji ba. Sau da yawa bututunta na ruwa ne ko wani ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar mota. Bututun ruwa kuwa yakan zo da layin walda daga sama har ƙasa, kuma ba a yi shi don ya ɗauki irin wannan bugu ba. Ko maƙeri ya kai iyakar gwaninta, idonsa ba zai ga tsagar da ke cikin ƙarfe ba. Ke nan mai saye shi ne ke gwajin, kuma da jikinsa yake yi.

Wani abin da ke ruɗin jama'a shi ne ganin an harba bindiga sau biyu ko uku a gaban mai saye ba ta fashe ba. Ƙarfe yana gajiya. Kowane harbi yana ƙara buɗe 'yar tsagar da ke ɓoye, har ranar da za ta kai iyakarta. Bugu da ƙari, tokar da albarushi ke bari a cikin bututu tana jan laima, tsatsa ta riƙa cin ƙarfen daga ciki alhali bayansa na sheƙi da mai. Wannan ne ya sa bindigar da ta yi shekara biyar lafiya take iya tarwatsewa a shekara ta shida, ta tafi da yatsu ko ido. Hakazalika, galibin irin waɗannan bindigogi ba su da makullin da ke tsare kunama, don haka faɗuwa daga kafaɗa ko girgizar babur a kan hanya mai gargada ta isa ta sa su tashi.

Akwai kuma haɗarin da mai bindiga ke jawo wa kansa. Na farko shi ne farke kwanson kamfani a zuba garin da ke cikinsa a bindigar ɗuri, ko a gauraya albarushi da kan ashana da nufin ƙara ƙarfi. Garin kwanson kamfani ya fi albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bindigar ɗuri ba za ta iya riƙe shi ba. Na biyu shi ne ɗuri a kan ɗuri, wato mutum ya manta akwai wani a ciki ya ƙara. Na uku shi ne toshewar baki: laka idan an dogara bindiga a ƙasa, ko gidan zanzaro idan ta daɗe a rataye. Ko bindigar kamfani ce, aka harba ta bakinta a toshe, tana iya fashewa. Na huɗu shi ne jinkirin tashi, inda za a ja kunama a ji shiru, mai ita ya juyo da bakin domin ya leƙa, sai ta tashi a lokacin. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma waɗannan abubuwa huɗu sakaci ne da ake iya kauce masa.

Idan aka koma ga batun kare kai, wanda shi ne ke tura mafi yawan masu saye a yau, nan ma akwai abin dubawa. Sunan da jama'a suka laƙaba wa bindigar ɗuri, wato harba-ka-ruga, ya isa bayani. Harbi ɗaya take yi, sai a tsaya sabon ɗuri. Da damina albarushi kan sha laima ya ƙi kamawa. Ko mai cin kwanso ce, amfaninta bai cika wuce mita 40 ba, alhali bindigar AK-47 da ɓarayin daji ke ɗauke da ita tana cin harsashi 30 a ɗuri ɗaya, tana kuma kaiwa mita 300. Ba a musun cewa a wasu garuruwa ƙarar bindigogin gida da haɗin kan jama'a sun sa mahara sun ja da baya. Amma abin da ya yi aiki a irin waɗannan wurare shi ne tsari da yawan jama'a da samun labari da wuri. Mutum ɗaya da ya dogara ga bindigar da ba ta da tabbas yana iya tsayawa a inda ya kamata ya kauce.

Sai kuma ɓangaren doka, wanda da yawa daga cikin masu saye ba su san shi ba sai bayan sun shiga hannu. Dokar Bindigogi ta shekarar 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Dokar ta kuma haramta ƙera bindigar kwanso da tsawon bututunta bai kai inci 20 ba. Na biyu su ne na farauta masu cin kwanso, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne na ɗuri, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da amincewar Gwamna, ke da ikon wajabta musu lasisi. Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Izinin ƙira da doka ta tanadar wa maƙeri na bindigar ɗuri ne kawai, shi ma sai Sufeto Janar ya bayar. Ƙera bindiga ba bisa ƙa'ida ba na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma Dokar Fashi da Makami ta 1984 ta tanadi irin wannan ɗauri, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu, sannan a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta nemi a bai wa mazauna jihar da suka cancanta lasisin riƙe bindiga. Babban Hafsan Tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya ce wannan iko ba na gwamna ba ne. A watan Agustan 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Darasin da ke ciki shi ne, kalamin shugaba, komai kyawun niyyarsa, ba ya zama kariya a gaban alƙali. Haka nan abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16 da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano bayan an ga bindigogin farauta a motarsu, ya nuna yadda tafiya da bindiga zuwa inda ba a san mutum ba ke iya zama sanadin ajali, duk da cewa babu wani uzuri ga waɗanda suka ɗauki doka a hannunsu.

To, mene ne abin yi? Ga wanda ya riga ya mallaki bindigar ɗuri domin farauta ko gadin gona, wajibi ne ya tuntuɓi ofishin 'yan sanda na yankinsa ya san matsayinta a doka. Kada a ajiye ta da ɗuri a cikin ɗaki, kada a hau babur da ita a ɗure, a nisanta albarushi daga murhu da hannun yara. A duba bakinta kafin kowane harbi, a yi alama a jikin sandar ɗuri domin a gane ko akwai wani abu a ciki, a wanke bututu a busar bayan an yi amfani da ita. Idan ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa, a dakata. Bututun da ya kumbura ko ya tsage ya gama aiki. Walda ba ta mayar da shi. A wajen hawan salla da bukukuwa ma a kiyaye, domin ko babu harsashi, tsumman da aka danna yana iya raunata na kusa.

Idan kuwa haɗari ya auku, a garzaya asibiti ba tare da tsoro ba. Dokar da aka kafa a shekarar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda harbi ya samu ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Ɓoye irin wannan rauni a gida shi ke sa ya ruɓe har a kai ga yanke hannu.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi kuwa, nauyin ya fi girma. Garuruwa da yawa suna da Sarkin Maƙera da Sarkin Baka, kuma su ne suka san wa ke ƙira, wa ke riƙe da me. Zama da su, tare da jami'an tsaro, domin a samar da rajistar mafarauta da bindigoginsu, zai kare mai gaskiya daga zargi, ya kuma toshe hanyar da ɓata-gari ke bi su sayi makami da sunan farauta. Matasan da ke son taimakawa wajen tsaro gara a shigar da su cikin rundunonin da ke da horo da shugabanci, irin wadda Jihar Katsina ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023 da Askarawan Zamfara na watan Janairun 2024. Su kuma maƙeran, hannun da ya iya haɗa kunamar bindiga zai iya ƙera garma da injin casa da kayan gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Idan aka ba su kwangila da jari, ba su da dalilin jefa kansu cikin ɗaurin shekara 10. Waɗanda suka yi fice ana iya nema musu gurbin horo a hukumance, tunda ƙasar nan tana da masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun shekarar 1964.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wanda ya sayar da akuyarsa domin ya tsare iyalinsa bai cancanci ya wayi gari ba yatsu, ko a bayan kanta, ko riƙe da ƙarfen da ya ƙi tashi a ranar da ake buƙatarsa ba. Alhakin sanar da shi wannan kafin ya miƙa kuɗinsa yana wuyan shugabannin da ke kusa da shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa a garuruwanmu da gonakinmu, amin.