Motar Gas Da Sanyin Hunturu

Tun da hunturu ya kama wasiƙu uku sun iso mana a kan magana guda, ɗaya daga Jos, ɗaya daga Kano, ɗaya kuwa daga wani malamin makaranta a Damagaram. Kukansu duk ɗaya ne. Tsohuwar mota mai shan man gas, da rana lafiya lau ta ke, amma da asuba sai a yi ta murɗa makulli ta ƙi tashi, har batir ya mutu a koma neman masu turi. Na Kano ya ce har bakanike ya yanka masa kuɗin sauke inji. To, malam, dakata tukuna, kada ka ba da ko kwabo sai ka ji wannan.

Injin fetur da tartsatsin wuta ya ke kunna mai. Na gas kuwa, wanda wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya ƙago, ya fara aiki sosai cikin 1897, ba shi da tartsatsi ko kaɗan. Iska ya ke matsewa, kamar a ce a ɗura mudu 20 cikin mudu guda. Matsin nan shi ke sa iskar ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata mai ya kama da kansa. In ƙarfen inji ya kwana cikin sanyi, sai ya shanye zafin kafin mai ya iso. Don haka aka sa wa kowace silinda wani ɗan ƙarfe mai kamar fensir, wanda makanikai ke kira hita. Da an murɗa makulli rabi, bakinsa ya kan yi ja wur, zafinsa ya zarce digiri 800. 'Yar fitilar nan mai zanen naɗaɗɗiyar waya da ke kamawa gaban direba, ita ke cewa a jira. Direbobinmu da yawa ba su jiranta, ga shi kuwa wannan maganin kyauta ne.

In an jira ba ta tashi ba, sai ka sa yaro ya tsaya baya ya dubi salansa sa'ad da ka ke murɗawa. Kadan ya ga farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, to mai yana isa, zafi ne babu, watau a nufi hita. Kadan babu hayaƙi sam, mai ne bai iso ba, ko dai iska ta shiga tiyo, ko matatar mai ta toshe. Nan hita ba ta da laifi, ko an sake ta sau goma. In kuwa motar ta tashi tana kakkarwa, ta yi kamar minti guda tana tari sa'an nan ta daidaita, lalle hita ɗaya ko biyu ne suka mutu, sauran suka ɗauki nauyinsu.

Kada a manta da batir. Sai inji ya juya da sauri matsin ke kawo zafi, ga shi kuma hita ta riga ta sha wuta mai yawa. Cikakken batir a hutunsa ya kan nuna volt 12.6. Wanda ya faɗi ƙasa da 10 lokacin murɗawa ya gaji, ko kuwa kawunansa sun yi tsatsa.

Gwajin hita ba shi da wuya, malamin da ya iya gyaran alƙalami ya iya shi. A fara da fis, don in ya ƙone duka su kan mutu tare. In yana da rai, a kashe mota, a kwance wayar da ta haɗa kawunan hita. A sami ƙwan fitila na mota mai wayoyi biyu, a maƙala ɗaya a kan batir mai alamar tarawa, ɗayar a taɓa kan kowace hita bi da bi. Wadda ƙwan ya kama a kanta tana da rai, wadda bai kama ba ta tsinke a ciki. Mai mita zai ga lafiyayyar tana nuna wajen om 1. In duk suna da rai, a mai da waya, a gwada ko wuta na isa gare su in an murɗa makulli. In ba ta isa, laifin na rile ne, ɗan akwatin da ke ba su wuta.

Amma fa akwai togaciya. Tsofaffin Mercedes irin 240D da 300D da aka ƙera kafin wajen 1980, hitarsu lanƙwasasshiyar waya ce a baki, an kuma jera su kamar raƙuma a igiya guda, in ɗaya ta tsinke duk ayari ya tsaya. Kowace ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce volt guda, saboda haka wanda ya ɗora ta kai tsaye a kan batir don gwaji ya ƙone ta nan take.

Wajen kwancewa a ke yin ɓarnar da ta fi ciwon. Hitar da ta yi shekaru a wurinta ta kan kafe. A zuba mata man sassauta tsatsa ta kwana, a kwance ta inji na da ɗumi, a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. In ta karye a ciki, wani lokaci sai an ɗaga kan inji, aikin sa'a guda ya zama na mako. Mu dai a ganinmu, in ɗaya ta mutu don tsufa gara a sake su duka, tun da sa'o'in juna ne.

Akwai wata al'ada a tashoshi da ba mu yarda da ita ba, watau fesa fetur ko maganin sauro a bakin iskar inji. Motar ta kan tashi kam, da wata ƙara kamar an buga guduma. Ƙarar nan wuta ce ta kama kafin lokacinta, tana dukan fistan yana kan hawa, ta kan kuwa fasa ringi. In hita na da zafi, abin ya fi haɗari.

Saura wanda hitarsa da batirinsa da mansa duk lafiya, amma mota ta ƙi. Sanyinmu ba irin na Turai ba ne inda aka ƙera motocin nan, don haka in ya gagari inji mai hita lafiyayya, a tuhumi matsi. Ko nan ma ba a kai ga sauke inji ba. Irin Mercedes ɗin da muka ambata da hannu a ke saita bawul ɗinsu, in sun matse sai iska ta riƙa zurarewa, saitin kuwa ba shi da tsada. Bayan wannan akwai ma'aunin matsi da a ke ɗaurawa a ramin hita. Na Kano, ka ce wa bakanike ya auna kowace silinda a gabanka, ka rubuta lambobin da hannunka. In ya ce ba shi da ma'auni, ka nemi wanda ke da shi, ka aiko mana da abin da ya nuna.