Wa ke zaune cikin mutumin ƙarfen?

Kwanan baya ina gyaran kayen 'yan ajina a nan Madawa, sai na tarar da bangon bayan wani kaye cike da zane: ƙaton mutum na ƙarfe mai ƙaho biyu a goshi, da takobin wuta a hannu, taurari sun kewaye shi. Na kira mai kayen, yaro ɗan shekara 13. Ya ce, "Mushe, Gundam ke nan." Na ce to, ba ni labarinsa. Sai ya yi shiru. Ashe bai san labarin ba. Abin da ya gani guntaye ne na rabin minti a wayar yayansa da ya dawo daga cin rani: harbi, fashewa, da kiɗa mai zafi da wani ya ɗora a kai.

Na san abin da iyaye da yawa za su ce: a hana kawai, a huta. Ni ban ga haka ba. A ganina cutar tana cikin guntayen nan, kuma mafi yawan maganinta yana cikin cikakken fim ɗin da aka yanko su.

Gundam fim ne na zane da aka fara nunawa a talabijin ɗin Japan a 1979. Wanda ya shirya shi, Yoshiyuki Tomino, an haife shi a 1941, shekarar da ƙasarsa ta shiga yaƙi da Amurka. Kafin shi, finafinan mutum-mutumi ba su da wuyar ganewa: jarumi na kirki yana kashe dodanni daga wata duniya, kamar Goldorak da aka fara nunawa a Faransa a 1978. Tomino ya sauya wannan. A wurinsa mutum-mutumin makami ne da ake ƙerawa a masana'anta kamar tankar yaƙi, kuma duk ɓangarorin biyu mutane ne masu iyaye da 'ya'ya. A labarin, jama'a sun yi yawa a duniya har an gina musu garuruwa a sararin samaniya. Wani yanki mai suna Zeon ya ce ya ɓalle, yaƙi ya tashi, tun farkonsa rabin bil'adama suka hallaka.

Mai tuƙa Gundam ɗin, Amuro, shekararsa 15. Ba soja ba ne. An kai wa garinsu hari, ya faɗa cikin injin don ya tsira, daga nan manya suka ƙi sakinsa saboda ya iya. Barci ya gagare shi. Akwai ranar da ya ce ba zai ƙara fita ba, shugaban jirgin ya mare shi. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ya sadu da mahaifiyarsa a sansanin 'yan gudun hijira, ya harbi wani soja a gaban idonta, ita kuwa ta kasa gane ɗan da ta haifa. Wannan wurin ba ya shiga guntayen TikTok, don babu mai ɗora masa kiɗa.

Kada a ce na wanke masu fim ɗin tas. Da farko bai samu masu kallo ba, har aka datse shi a kashi na 43. Cikin abubuwan da suka raya shi akwai 'yan mutum-mutumin roba da kamfanin Bandai ya fara sayarwa a 1980. Wato labarin da ke nuna munin yaƙi, da cinikin makaman wasa yake ci. Dole su zana injin ya yi kyau, kuma kyan nan ne ya kama ɗalibina.

Me ya sa malamin lakwal a Adar zai ɓata lokaci kan zanen Japanawa? Saboda yaro da bindiga a wurinmu ba tatsuniya ba ce. Wanda ya je Bangi ya ga iyalan da suka tsallako daga jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Ba mu manta da mutum 137 da aka kashe a yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ba. Kuma wayar da ke nuna guntun Gundam ita ce ke nuna samarin daji suna baje kuɗi da bindigogi, da kiɗa a kai, rabin minti su ma. Salon ɗaya ne: a nuna makami, a ɓoye gawa, a ɓoye uwa. Yaron da ya koyi tambayar abin da aka yanke daga na farko, zai iya yi wa na biyu tambayar.

Ga malamin da ke son gwadawa, akwai wani gajeren Gundam na 1989 mai suna War in the Pocket, kashi 6 kacal. Jaruminsa Alfred ɗan shekara 11 ne, yana son yaƙi kamar yadda yaranmu ke son ƙwallo. Ya yi abota da wani matashin sojan Zeon, bai san cewa maƙwabciyarsa da yake ƙauna ita ce ke tuƙa injin ɗaya ɓangaren ba. A ƙarshe ita ta kashe abokin nasa, ba ta ma san ko wane ne ba. Da aka koma lakwal Alfred ya fashe da kuka, abokansa suka zaci ƙarewar yaƙin ce ta ɓata masa rai, suna lallashinsa cewa wani zai zo. Akwai kuma Iron-Blooded Orphans na 2015, labarin marayun da ake haya su yi yaƙi, wasunsu ko karatu ba su iya ba. Wannan ya yi wa 'yan firamare nauyi, sai dai manyan kwaleji da lise.

Na san halinmu. Lakwal da yawa a Buza da Keita ba wuta, kuɗin intanet ba wasa ba, kuma uban da ya wuni a gonar albasa ba zai zauna kallon zane ba. Ba na cewa a sakar wa yaro waya har tsakar dare, ko a bar shi ya tsallake makarantar allo. Akwai kuma wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba, don haka babba ya fara kallo tukuna. Amma yayan da ya iya sauko da guntu zai iya sauko da kashi guda cikakke mai fassarar Faransanci, ya kalla tare da ƙanensa, ya tambaye shi: shekarun mai tuƙin nawa? Wa ya sa shi ciki? Ina iyayensa? Ko banza yaron ya ƙaru da Faransanci.

Son injin kansa kuwa ban ga laifinsa ba. Hannun da ya zana Gundam shi ne ke ƙera motar kara da ta langa-langa. A Keita, tun daga 1984, manyan injuna da matan da suka yi ta dakon duwatsu ne suka farfaɗo da ƙasar da ta mutu, kuma injunan nan sai da masu gyara.

Na mayar wa yaron kayensa, na ba shi labarin Amuro a taƙaice, na ce gobe ya zano mini wanda ke zaune ciki. Bai kawo zanen ba sai ranar Litinin, ɗan ƙaramin mutum a tsakiyar ƙirjin ƙarfen. Yana miƙo mini ya ce, "Mushe, ya koma wurin innarsa?" Na ce a'a, jirgi ya tafi da shi.