An yi tiyata lafiya, majinyaci ya rasu bayan kwana uku: Wa ke ƙirga irin wannan?

Da zarar likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce wa dangi aiki ya yi kyau, sai hankali ya kwanta, a fara buga waya ana sanar da 'yan'uwa. Sai dai alƙaluma sun nuna cewa a asibitocin Afirka, hatsarin ya fi yawa bayan an mayar da majinyaci gadonsa.

Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2018, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town, ya bi diddigin mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a asibitoci 247 na ƙasashe 25, ciki har da Najeriya. Mutum 239 sun rasu, kuma kashi 94 cikin 100 nasu sun cika ne a kwanakin da suka biyo baya, ba a ranar aikin ba. Ko a tiyatar da ba ta gaggawa ba, mace-macen sun ninka matsakaicin na duniya, alhali majinyatan sun fi ƙuruciya.

Ke nan ƙwarewar mai riƙe da wuƙa kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Zubar jini da tsakar dare, ko ɗinki ya kama ƙwayoyin cuta, nas ce za ta fara lura, ɗakin gwaji ya tabbatar, ma'ajiyar jini ta kawo agaji. In ɗaya ya makara, aikin sauran ya tashi a banza. Amma kowane sashe rajistarsa daban, kuma asibiti ya fi son faɗin tiyata nawa ya yi a shekara.

Masu binciken sun gwada gyara: a yi wa majinyata masu hatsari alama, a matso da gadonsu kusa da nas-nas, a yawaita duba su. Sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna raguwar mace-mace ba. Gano cewa mutum na taɓarɓarewa abu ɗaya ne, samun iskar oksijin da jini da ma'aikacin da zai ceto shi kuwa wani abu ne daban.

Su ma waɗannan alƙaluman a ƙofar asibiti suka tsaya. Mai jegon da aka sallama bayan tiyatar haihuwa, zazzaɓi ya kashe ta a ƙauye, a takarda tana cikin waɗanda aka sallama lafiya.