LAMBUN GIDA: Kada Taki Ya Fi Ƙarfin Shuka

Rani ya shigo, masu lambu a bakin kogin Wudil sun ta da injinan ban ruwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 kogin nan bai cika ƙafewa ba, noman rani kuwa ya zama abincin gidaje da yawa. A cikin gari kuma iyayenmu mata suna shuka tumatir da alayyafo da latas cikin tsofaffin buhuna da bokitai a bayan ɗaki. Kukan da muke yawan ji daga wajensu shi ne, “Na sa taki, na ba da ruwa, amma bakin ganye ya ƙone, shukar ta yi yaushi.” Sau da yawa ba cuta ba ce, takin ne ya yi yawa.

Ga yadda abin yake. Takin zamani, ko yuriya ko kamfa, dangin gishiri ne in ya narke. Kowace uwargida ta san in ta barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, nan da nan sai ruwa ya tsattsafo. Haka yake faruwa ga saiwa. In ruwan da ke kewaye da ita ya fi ruwan cikinta kauri, ba ta iya sha, har ma nata yakan fita. Shukar tana tsaye cikin laima, ƙishirwa tana kashe ta. Mai lambu kuwa ya ga ta yi laushi, ya ce yunwa ce, ya ƙara mata taki. Yuriya kaɗai, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, wanda ke sa ganye kore. Ba abin ɗiba da tafin hannu ba ne.

Masanan cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai a Nijar, sun koya wa manoman gero su sa cikin marfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, watau wajen giram 6, a kowane rami. A gona ke nan, inda ƙasa ke da faɗi. Bokiti kuwa ba shi da inda gishirin zai gudu. Ga shukar bokiti ko buhu, shawararmu ita ce giram 1 na taki cikin lita 1 ta ruwa. Jarka mai lita 20 za ta ɗauki cokalin shayi 4, a shafe bakinsu, ba a tula ba. A ba shuka sau ɗaya a mako, bayan an fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla. Ƙananan da ba a daɗe da dasawa ba, rabin wannan ya ishe su. Kashin kaji ma yana ƙuna in ɗanye ne. A bar shi ya ruɓe tukuna, in kuwa an jiƙa shi, a sirka har ya yi kalar shayi marar ƙarfi.

Yanzu samarinmu da suka yi karatun aikin gona suna zancen noma ba tare da ƙasa ba, wanda ake kira haidirofonik. Ba sabon abu ba ne. Wani malami mai suna William Gericke na Jami’ar Kalifoniya a Amurka ya baza sunan a 1937, a 1938 kuma Hoagland da Arnon suka buga haɗin abincin shuka wanda har yau ana amfani da shi. Saiwa tana rataye cikin ruwa, duk abin da shuka za ta ci yana cikin ruwan nan. To, a nan kuskure ba shi da magani mai sauƙi, gama ba ƙasar da za ta rage kaifinsa.

Masu wannan noma suna da wani ɗan ma’auni mai kama da alƙalami, ana ce da shi ma’aunin EC. Ana tsoma shi cikin ruwa, ya nuna yawan gishirin da ya narke. Latas yana son lamba tsakanin 1.2 da 1.8, tumatir mai ’ya’ya kuwa daga 2.0 zuwa 3.5. Amma a fara auna ruwan kansa kafin a zuba kome, domin ruwan wata rijiyar burtsatse yana zuwa da nasa gishirin. Tsamin ruwa ma ana aunawa, watau pH, a riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5, in ba haka ba abincin yana nan amma saiwa ba ta iya ɗauka.

Abin da littattafan Turai ba su cika faɗa mana ba shi ne zafin bazara. A watan Afrilu, sa’ad da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasar Kano, shuka tana shan ruwa fiye da yadda take cin abinci, rana kuma tana ɗauke nata rabo. Ruwan yana raguwa, gishirin yana nan, haɗin da aka yi daidai ran Litinin sai ya yi kauri kafin Alhamis. Kamar miya ce da aka manta a kan wuta. Saboda haka in ruwa ya sauka, a cika da ruwa zalla, sa’an nan a auna. A lokacin zafi gara a riƙe haɗin a ƙasan lambobin nan, da hunturu a ɗan ƙara. Bayan mako 2 ko 3 a zubar da tsohon ruwan a gindin itace, a haɗa sabo.

Kada wani ya ɗebo kamfa daga buhu ya ce ya sami abincin haidirofonik. Kamfa 15-15-15 ba a yi shi domin wannan ba, ba ya narkewa duka, ba ya kuma ba da isasshen kalsiyam da magniziyam da ƙarfe. Yuriya ma sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun juya ta kafin shuka ta more ta sosai. Rashin kalsiyam ne ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya ruɓe, ruwa mai kauri kuwa yana ƙara wannan ɓarna. Abincin da aka yi musamman yana zuwa kashi biyu, A da B. Ba a gama su tun suna da kauri, gama za su daskare su kwanta a ƙasan kwalba. A zuba A cikin ruwa a motsa, sa’an nan B.

Wadda shukarta ta riga ta ƙone cikin bokiti, ta duba ko akwai huda a ƙasa, ta kwarara ruwa zalla har ya fita sosai, ta matsar da ita inuwa, kada ta sake sa taki sai sabon ganye ya fito.