Ba Inna Mai Ƙosai Ce Ta Cinye Dajin Ba

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya wuce abinsa.

Shekaranjiya wani abokina da muka yi jami'a tare ya saka hoton wasu mata uku a nan Facebook, kowacce da ɗaurin itace a ka, ɗaya ma da goyo. Ya rubuta cewa ga masu jawo mana hamada nan. Na bi abin da mutane suka rubuta a ƙasa, wallahi sai da raina ya ɓaci. Wannan ya ce jahilci ne, wancan ya ce a riƙa kama su ana cin su tara, wata kuma ta ce wai me ya hana su komawa gas. Gas! Ban tanka a can ba, don kada a ce na ci fuskar mutum a shafinsa. Amma nan shafina ne, zan faɗi tawa.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekarata 17 ina aikin gwamnati, da digirina. Watan jiya, ranar 19 ga wata, gas ya ƙare mana ana tsakiyar tuƙin tuwo. Albashi da sauran tafiya, aljihu kuwa sai kuɗin man da zai kai ni ofis. Ina zaune ina lissafin wanda zan kira ya ranta min ba tare da ya yi min kallon banza ba, uwargida ta tura yaro gidan maƙwabciyarmu, dattijuwar da ke toya ƙosai a bakin layi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, jikoki huɗu ne a gabanta. Ba a jima ba sai ga yaron rungume da itace, marke ne busasshe faskararre, jikarta na biye da garwashi a kasko don kada mu sha wahalar hurawa. Na ba yaron naira 500 ya kai mata. Ta dawo da shi, ta ce, "Je ka ce wa babanku, yaushe aka fara sayar da wuta tsakanin maƙwabta?"

Sai daga baya na gane abin da ta yi. Marken nan ba tsintowa take yi ba, saye take yi, domin ƙosai yana son wuta mai ɗorewa, kuma marke ne ke ci a hankali ya bar garwashi. Wato cikin jarinta ta ɗebo ta ba ma'aikacin gwamnati. Na girkin gidanta kuwa, sau biyu a mako take fita bayan sallar asuba, ita da wasu mata, su wuce ƙarshen gari inda ake yanka filaye, su tsinto ƙirare, busasshen kalgo da sabara, kara bayan girbi, har totuwar masara. Kayan aikinta igiya, gammo, da wata tsohuwar adda da ko rake sai ta yi gardama kafin ta sara. Don Allah da wannan ake cinye daji? Duk wanda ya taɓa hura murhu ya san ɗanyen itace ba ya yi wa mai ɗauka a ka amfani. Ga nauyi, ga hayaƙi, ba ya kamawa sai ya yi makonni yana shan rana. Wadda za ta yi tafiyar awa biyu da kaya a ka, abin da ya riga ya mutu take nema.

Akwai kuma wani tsoho mai faskare da ke zagaya unguwarmu da gatari a kafaɗa. Da iskar farkon damina ta karya reshen darbejiyar bakin masallaci, shi ya yini yana faskara mata, ya ƙi karɓar ko sisi, sai ƙosai biyar a takarda. Na tsaya kallonsa, har na ce ya ba ni in gwada. Ya ce, "Malam, ba ƙarfi ba ne, nemo inda ya tsage ka bi shi." Sara uku na yi hannuna ya yi bororo, yara suna ta dariya. Shi ya nuna min a jingine itacen a tsaye ya sha iska, kada a zube shi a ƙasa gara ta samu abinci. Wannan ilimi ne, ko da ba a ba da shaidar takarda a kansa.

To wa ke cin dajin? Ka tsaya a bakin duk wata babbar hanya da ke shiga Kano ko Kaduna da daddare, ka ƙirga manyan motocin gawayi da na gungume. Waɗannan ba da adda aka cika su ba. Injin sare bishiya ne, wanda ke kayar da kiryar da ta girmi kakanka kafin ka gama shan shayi. A sare kirya, marke, har kaɗanya mai ba mata kuɗin shiga, ɗanyu shar, a jera, a rufe da ƙasa, a cinna wuta ta yi kwanaki tana ci. Kafin a samu buhu ɗaya na gawayi an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Mai injin yana da jari, mai motar yana da jari, kuma suna da wanda suka sani. Da idona na ga an sauke wa wata mata ɗaurin itacenta a wani shinge, tana roƙo, sai da wani mai adaidaita sahu ya fito ya biya mata abin da aka nema. Muna tsaye a wurin motar gawayi ta iso, ta rage gudu, hannu ya fito ta taga, ta wuce.

Kuma wa ke saye? Mu ne. Gidan burodin da muke aika yara kowace safiya, mai tsire da balangun da muke tsayawa wajensa, tukwane goma na bikin 'yarmu, da mu ma'aikatan da muka jingine tukunyar gas a lungu muka sayo kurfoti a ɓoye. Abokina mai hoto, ka leƙa kicin ɗinka tukuna.

Ita kuma mai cewa a koma gas, ga lissafi. A 2020 tukunyar kilo 12.5 wajen naira 4,000 ake cika ta. A ƙarshen 2024 ta haura 15,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kun ga cikawa ɗaya ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin biyar, ga wanda ma ake biyansa hakan ke nan. Kananzir kuwa tuni lita ta wuce naira 1,000, risho ya zama kayan tarihi. Duk wannan a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, wadda tun 1999 take loda shi a jirgin ruwa daga Bonny zuwa ƙetare, wadda har yau ake ƙona wani a banza a yankin Neja Delta. A 2021 aka yi shelar shekaru goma na gas. Mu dai a layinmu, tun daga lokacin masu murhu ƙaruwa suka yi. Waɗanda suka yi wayo a zamanin Abacha suna tuna murhun dusar katako. Ga shi mun zagayo.

Kada wani ya ce ina yabon itace. Ban yaba ba. Ku dubi idon duk matar da ta shekara 30 a gaban murhu, ku saurari tarinta. Hayaƙin nan cuta ne, ita da ɗan da ke bayanta suke shaƙa. Ga kuma hatsarin dajin kansa a yanzu. A farkon 2024 a Ngala, jihar Borno, mata da yara 'yan gudun hijira suka fita neman itace aka sace su, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun kai 200. Ba wanda ke shiga irin wannan daji don marmari.

Hamada kuma gaskiya ce, ban musa ba. Amma ni na sha halartar bikin dashen bishiya. A kafa rumfa, a raba riga da hula, babban baƙo ya riƙe sabon shebur a ɗauki hoto, bayan wata uku awaki sun gama da komai, don ba a ware ko kwabo na ban ruwa da shinge ba. Shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shi, a 2015 aka kafa masa hukuma a Najeriya, jihohi 11 ya shafa. Ban ce ba a yi komai ba. Cewa na yi mu leƙa maƙwabta. A Maradi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka kama abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Da manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, ba ta malamin daji ba, sai ya tsare ta. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka. Gawo ya dawo gonaki, rassan da ake sassabewa kuma su ne itacen girkin matan gidan. Ko a nan, binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1980 ya nuna bishiyoyin gonakin kewayen Kano ba raguwa suke yi ba, duk da yawan jama'a. Talaka ba maƙiyin bishiya ba ne in ya san shi zai ci moriyarta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka saki jiki da alherin mutane irin su Inna. A ƙauyenmu, in mace ta kusa haihuwa, abokan mijin ne ke raka shi a tara itacen wankan jego. In an yi rasuwa, kafin a dawo daga maƙabarta itace ya taru a ƙofar gida. Wannan abu bai mutu ba, shi ya sa muka ci tuwo a daren nan. Amma tsakani da Allah, abin kunya ne a ce gwauruwa mai jikoki huɗu ita ce tallafin man da ya rage wa ma'aikaci. Ta rufa min asiri, ta rufa wa gwamnati asiri, sannan mu zo mu saka hoton irinta muna cewa a ci ta tara. Duk mun san hadisin nan da ya fifita mai ɗaukar igiya ya yo itace ya sayar a kan mai roƙo. Mu kuma ga abin da muke saka masa da shi.

In da gaske ake, a bi injin da motar, a bi wanda ke karɓa a shinge. A sauko da kuɗin gas yadda mai albashin 70,000 zai iya. A wadata kasuwa da murhu mai tattalin itace a farashin da mai ƙosai za ta saya, ba a raba guda 50 a gaban kyamara ba. A bar wa manomi bishiyarsa.

Da albashi ya shigo na sayi itacen naira 3,000 na aika mata, na ce kada yaron ya tsaya jin amsa. Washegari sai ga kwanon ƙosai har da kunu.

Abokina, ranar Asabar bayan asuba za su fita. In ka shirya ka zo mu raka su, ni da kai, kowa ya ɗauko ɗauri ɗaya zuwa gida. Zan aro maka gammo.