Haruffa Sun Yi Ƙiba, Lanƙwasa Ta Ɓata

Duk wanda ya bi babban titin Malanville ta Benin ya nufi gadar Gaya zai lura allunan shaguna sun koma kamar 'yan ɗaki ɗaya. Haruffa ne masu ƙiba, bakinsu a dakushe, cikinsu zagaye. Mai gyaran waya da mai kemis da dillalin albasa duk irinsu suke so. Mai fentin da ke zana allo da buroshi sai ja baya yake yi, yaro mai kwamfuta da injin buga bana ya karɓe kasuwa.

Manyan kamfanoni ne suka koya wa idonmu wannan salo. Airtel ya koma ƙananan haruffa masu laushi a 2010, Google ya sauya nasa a 2015, MTN ma ya sabunta tambarinsa a 2022. Asalin abin ya girmi dukansu. A 1927 wani Bajamushe, Paul Renner, ya fitar da samfurin haruffa na Futura, wanda ya gina da da'ira da miƙaƙƙen layi, sannan a 1979 aka zana wa Volkswagen samfurin VAG Rounded, aka goge wa kowane harafi kaifin bakinsa.

Ni ban ga laifin mai shago ba. Direban tirelar da ya kwaso hanya tun daga Kwatano ba shi da lokacin tsayawa ya warware rubutu mai ƙawa, balle a ƙurar hunturu. Harafi mai kauri tun daga nesa ake ganinsa, kuma wanda bai yi boko ba ma yana riƙe siffarsa ya gane wurin gobe.

Inda nake da ƙorafi shi ne ranar da aka ce a rubuta Hausa. Da yawa daga cikin waɗannan samfura ba a zana musu ɓ, ɗ da ƙ ba, ba a ma maganar ƴ da ake rubutawa a Nijar. Kwanaki na tsaya gaban wata banar walima a bakin kasuwa. Kowane harafi ya cika ya batse, sai ƙ kaɗai ta fito siririya, ta ɗan karkace, domin kwamfuta ta aro ta ne daga wani samfurin daban. A layin ƙasa kuwa wani ɗan akwati ne fanko zaune a gurbin ɗ. Mafi yawan masu bugu ba sa wahalar da kansu, sai su cire lanƙwasar gaba ɗaya su miƙa maka kayanka. Dendawan garin ma haka suke fama da ɛ, ɔ da ŋ, alhali tun 1975 Benin ta tsara haruffan harsunan ƙasarta.

Gaskiya zana lanƙwasa a harafi mai ƙiba akwai wuya, don idan ba a bar mata sarari ba sai ta manne da jikin harafin. Amma an yi. Noto na Google da Andika na ƙungiyar SIL duk suna da haruffanmu, har da masu kauri, kuma kyauta ake sauke su.

Mai bugu ba zai nemo su ba muddin mai biya bai tambaya ba. Kafin ka ba da kafin alƙalami, Alhaji, ka sa yaron ya buga maka ɓ, ɗ da ƙ a fuskar kwamfuta ka gani da idonka. Idan ba su fito daidai da 'yan'uwansu ba, riƙe sefarka ka leƙa shago na gaba.