Fatalwar da ke bakin taga: a bar yaranmu su karanta littafin



Lahadi biyu da suka wuce, bayan an tashi sujada, wata ƙanwarmu da ke ajin ƙarshe na sakandare ta tsayar da mu a bakin ƙofa ta ce tana da magana. Iyayenta suna wajen Maiyama, ita kuwa tana zaune wurin gwaggonta a Jega saboda makaranta. Mama ta zo ziyara, ta ga wani littafi a kan katifa, ta tambayi abin da ke ciki. Wani ƙaramin yaron gidan ya yi caraf ya ce labarin fatalwa ne, har da tone kabari. Mama ta jefa shi cikin jaka ta tafi da shi gida, ta ce ba za a shigo mata da aljanu da sunan boko ba. Littafin shi ne Wuthering Heights, yana kuma cikin manhajar adabin Turanci ta WAEC ta 2021 zuwa 2025. Yarinyar lauya take so ta zama, kuma a jami'o'i da dama ba a shiga sashen shari'a ba tare da kiredit a adabin Turanci ba.

Da muka tambayi sauran 'yan ajinta da ke cikin zumuntar matasa, sai muka tarar babu wanda ya ƙwace musu nasu littafin, amma su ma ba su karanta ba. Kowa ya dogara ga 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta. Wata tsoro ya raba ta da littafin, sauran kuwa ƙiwa. Ra'ayinmu shi ne a karanta shi, tun daga babi na 1 har na 34, kuma iyaye su taimaka.

Malamai suna kiran irin wannan rubutu adabin Gotik. Kalmar ba ta da alaƙa da tsafi. Asalinta sunan wata ƙabila ce ta tsohuwar Turai, daga baya aka laƙaba ta ga salon ginin manyan majami'u na da, masu dogayen tagogi da ƙofofi masu tsini a sama. A 1764 wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, wanda ya gina gidansa da wannan salo, ya fitar da The Castle of Otranto. Ya fara cewa wai fassarar wani tsohon rubutun Italiya ne, sai da littafin ya karɓu sannan ya amsa cewa nasa ne. Yayyenmu da suka rubuta WAEC tsakanin 2016 da 2020 sun san shi, domin shi ne a manhajarsu: ƙatuwar hular ƙarfe ta faɗo ta danne ango ranar ɗaurin aurensa, uban ango kuma ya tashi zai auri amaryar da kansa don kada sarauta ta bar gidansa, sarautar da kakansa ya samu ta hanyar cin amana. Daga nan salon ya samo kayan aikinsa: tsohon gida a keɓe, dare da hadari, asirin zuriya da aka binne, mace a kulle, matattu da suka ƙi kwanciya. Frankenstein na 1818 da Dracula na 1897 duk 'yan gidan nan ne.

To, mu zo kan fatalwar, tunda ita ce ta jawo magana. Ba mu ce damuwar Mama wauta ce ba. Littafin yana da duhu. Akwai duka, akwai shaye-shaye da caca, akwai inda aka rataye ƙaramin kare don mugunta kawai, akwai kuma inda Heathcliff ya ba da labari da bakinsa cewa ya sa an buɗe akwatin gawar Catherine bayan shekara goma sha takwas da binne ta. Uwar da ta ji haka ta tsorata ba ta yi laifi ba. Amma ku duba inda fatalwar take fitowa. A babi na 3, baƙon nan Lockwood ya kwana a ɗakin marigayiya, ya karanta rubuce-rubucenta na yarinta har barci ya ɗauke shi, sannan ya ga yarinya a bakin taga tana roƙon a buɗe mata. Mafarki ne ko ido biyu? Marubuciyar ba ta yanke ba. A ƙarshen littafi mutanen ƙauye da wani yaro makiyayi suna cewa sun ga Heathcliff da wata mace suna yawo a daji. Nelly mai ba da labarin ta ce surutu ne, amma ita kanta ba ta son fita da dare. Iyakar abin ke nan. Ba a koyar da kiran matattu, ba a roƙon kowa ya gaskata. Mai jarrabawa ma ba ya tambayar ko ka yarda da fatalwa. Tambayarsa ita ce wane aiki take yi cikin labarin, amsar kuma ita ce tana nuna abin da ya wuce wanda ya ƙi barin masu rai su huta.

Mu da muka tashi da tatsuniyoyin Dodo a gindin kakanninmu, ba mu zama masu bautar Dodo ba. Kuma duk wanda ya bi karatun Littafi Mai Tsarki ya ratsa ta 1 Sama'ila 28, inda Sarki Shawulu ya je wurin mai duba a Endor cikin dare. An rubuta mana labarin don mu ga inda mutum yake kaiwa idan ya lalace.

Abin tsoron gaske a Wuthering Heights ba ya bakin taga, yana tsakar gida, kuma mun fi Turawan yau saninsa. Maigida Earnshaw ya je Liverpool ya dawo da yaron da ya tsinta a titi, ba uwa ba uba, ya sa masa suna Heathcliff, ya fifita shi a kan ɗansa na cikinsa, Hindley. Ranar da tsohon ya rasu, Hindley ya gaji gida, ya hana yaron karatu, ya mai da shi ɗan aikin gona. Wa a cikinmu bai san gidan da aka yi wa ɗan riƙo ko agola haka ba? Catherine, wadda suka tashi tare kamar tagwaye, ta zaɓi auren Edgar Linton mai dukiya da asali, tana cewa auren Heathcliff zai zubar mata da daraja. Ya ji wannan rabin maganar daga bayan kujera, ya fice kafin ya ji sauran, ya ɓace shekara uku. Da ya dawo da kuɗi, sai ya shiga rama abin da aka yi masa, ɗaya bayan ɗaya. Ya cinye gidan Hindley ta hanyar caca da jingina. Ya auri Isabella, ƙanwar Edgar, don ya ƙuntata wa yayanta. Ya kulle 'yar Catherine har ta auri ɗansa mai ciwo, domin dokar Ingila ta wancan zamani tana miƙa dukiyar mace ga mijinta. Mafi muni, ya ɗauki Hareton, ɗan Hindley, ya yi masa daidai abin da aka yi masa: ya hana shi karatu. A saman ƙofar gidan an sassaƙa shekarar 1500 da sunan wani kakansa mai irin sunansa, amma saurayin ya girma yana wucewa ƙarƙashin sunan kullum bai iya karanta shi ba. Mu dai wannan wurin ya fi ba mu tsoro a kan yarinyar taga.

Rikicin gado ne, 'yan'uwa, da ramuwar gayya da ta ci zuriya biyu. Don haka 'yan matanmu da ke ganin hotuna a Facebook ana kiran littafin labarin soyayya mafi girma, ku bi a hankali. Isabella ma haka ta ɗauka. An gargaɗe ta, ta ƙi ji, ta gudu da shi, cikin 'yan makonni ta rubuto wasiƙa tana tambaya ko mijin nata mutum ne ma.

Akwai wani mutum a littafin da ya kamata ya dame mu fiye da kowa, wato Joseph, tsohon baran gidan. Ba ya rabuwa da Littafi Mai Tsarki. Ranar Lahadin da ruwa ya hana zuwa majami'a, sai ya tara yara a ɗakin sama mai sanyi ya yi musu wa'azin awa uku. Yana zuga maigida ya tsananta wa 'ya'yansa, yana yanke wa kowa hukunci ban da kansa, kuma duk zaluncin da aka yi a gidan a gabansa aka yi shi, bai taɓa tsayawa ya kāre yaro ko ɗaya saboda tausayi ba. Wadda ta rubuta shi ba maƙiyiyar ikkilisiya ba ce da ke leƙe daga waje. Emily Brontë 'yar fasto ce, a gidan fasto na ƙauyen Haworth ta girma. Ta fitar da littafin a 1847 da sunan aro, Ellis Bell, ta rasu a Disamba 1848 tana da shekara 30. Ta san irin su Joseph domin ta zauna da su a benci ɗaya. Mu ma mun san su, wani lokaci a madubi.

Yanzu ga masu dogara da taƙaitawa. Wannan littafi yana cikin waɗanda suka fi tona asirin wanda bai karanta ba. Catherine biyu ce, uwa da 'ya. Linton sunan zuriya ne, kuma sunan yanka ne na ɗan Heathcliff. Hindley, Hareton da Heathcliff duk da harafi ɗaya suka fara. Ɗalibin da ya haddace shafi goma na taƙaitawa zai shiga ɗakin jarrabawa ya aurar da uwa ga mijin 'yarta. Sa'an nan labarin ba daga bakin marubuciya kai tsaye yake zuwa ba. Lockwood ne ya zo haya a 1801, Nelly Dean mai aikin gida ta ba shi tarihin, cikin nata labarin kuma akwai wasiƙar Isabella da bayanan wasu. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san labari cikin labari, amma a nan dole ka riƙa tambaya ko Nelly tana faɗin gaskiya duka, tunda da hannunta a cikin abubuwa da dama da suka lalace. Irin wannan tambaya ce ke raba mai kiredit da mai fas, kuma ba a samunta a ƙaramin littafin bakin makaranta.

Takarda ta biyu ta WAEC ita ce ta ƙagaggun labarai: tambaya ɗaya daga littattafan Afirka, ɗaya daga na waje, cikin awa ɗaya da minti 15. Wato abin da ke hannunka don Wuthering Heights bai kai minti 40 ba. Mai maki ba ya neman ka sake ba shi labarin daga farko. Yana so ka faɗi batu, ka kawo abin da ya faru a littafin da ke tabbatar da shi, ka bayyana, ka wuce zuwa na gaba. Idan aka tambaye ka rawar yanayi da muhalli, kada ka tsaya ga cewa akwai iska. Ka nuna hadarin da ya karya itace a daren da Heathcliff ya gudu, ka nuna bambancin gidan kan tudu mai duhu da gidan su Linton na cikin kwari mai fitilu da darduma, ka nuna tagar da aka tarar a buɗe ruwa yana shiga ranar da Nelly ta iske gawarsa. Masu zuwa cibiyoyin da ake kira na mu'ujiza ba za mu ɓata musu layi da yawa ba. Mu'ujizar da ake biya wa kuɗin rajista mun san sunanta, satar amsa ce.

Mun san wahalar ba ƙarama ba ce. Turancin littafin tsoho ne, maganar Joseph kuwa karin harshen ƙauyen Yorkshire ce, har 'yan Ingila suna tuntuɓe a kanta. Idan ta tsaya muku, ku ɗauki ma'anar ku wuce. Ga zafin Maris da Afrilu, ga rashin wuta, ga aikin albasa da ke kwashe yaran Aliero daidai lokacin da ya kamata su zauna da littafi. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: a yankin da jami'ar kimiyya da fasaha take Aliero, kwalejin kiwon lafiya take Jega, ɗan ajin adabi yakan ji kamar shi ne wanda ya rasa gurbi. Har a gida za ka ji ana cewa wane yana karatu, wance kuwa tana karanta tatsuniya. Iyayenmu, don Allah a daina. Wanda zai tsaya wa gwauruwa a kotu ranar da aka zo ƙwace mata gona, daga wannan ajin zai fito.

Ga abin da muka yanke a zumunta. Kowace Asabar, awa ɗaya kafin koyon waƙa, za mu zauna a ɗakin makarantar Lahadi mu karanta babi uku da murya, mu fassara wa juna da Hausa inda ya yi tsauri, sauran babi biyu kowa ya karanta a gida cikin mako. A haka mako bakwai sun isa. Ranar farko za mu zana bishiyar zuriyar Earnshaw da Linton a allo, ba za a goge ta ba sai an gama jarrabawa. Daga mako na uku kowa zai riƙa amsa tsohuwar tambaya ɗaya a rubuce, da agogo a gabansa. Masu NECO da JAMB ma su zo, haka abokan ajinku da ba 'yan ikkilisiyarmu ba, ƙofa a buɗe take.

Mun je Maiyama mun gaida Mama. Mun ba ta labarin tun daga yaron da aka tsinta har zuwa inda ƙaramar Catherine ta zauna tana koya wa Hareton karatu, suka sa ranar aure a sabuwar shekara. Ta yi shiru, sannan ta ce ta san wani gida a garinsu da aka yi kusan haka. Ta ba da littafin, da sharaɗin ba za a karanta shi bayan ƙarfe tara na dare ba. Mun amince.

Kwafi huɗu kawai muke da su, yara kuwa sun fi goma. Yayyenmu da suka gama, ku duba cikin akwatunanku, ku kawo wa sakataren zumunta ranar Lahadi, ko da bangon ya cire.